Haƙoran Simsim

Rihab 'yata,

Bayan sallama da fatan kina kula da salla a kan lokaci. Na rubuto ne don a waya katse ni kike yi. Kyanwar babanki, Simsim, ta daina cin abinci. Takan zo gaban kwano ta sunsuna ta juya, miyau yana dalala, bakinta kuma wari. Har kifin da take mutuwar so na ɓare mata, ta ƙi.

Kin san ban taɓa jin daɗin aikinki ba. Mun so ki zama likitar mutane, kika tafi Iskandariyya kina wanke wa karnukan masu kuɗi baki. To yau ga ranarki. Ki faɗa min maganin da zan saya, ban da dogon turanci.

Mahaifiyarki, Nawal

Mama,

Ina gaishe ki da kyau, Allah Ya ƙara lafiya. Wato sai da Simsim ta sa baki na zama likita!

Ba magani za ki saya ba. Datti ne ya daskare mata a gindin haƙora har dasashi ya kumbura ya yi ruwa. Yunwa tana ji, tauna ce ba ta iyawa. Sai an yi mata allurar barci, a kankare, a cire waɗanda suka ruɓe. In aka bar ta haka ba za ta daɗe ba.

Kin tuna Baba bayan asuba a baranda, Simsim a cinyarsa, yana goga mata tsohon asuwakinsa? Kina ce masa, "Abdul Mun'im, ka rasa abin yi ne? Sunna har da mage?" Shi kuma ya ce, "Ke dai kawo shayi, Hajiya." Abin da ya tsare mata baki ke nan. Tun rasuwarsa ba wanda ya sake yi.

Ranar Juma'a zan zo garinmu Rashid in ɗauke ta.

'Yarki, Rihab

Rihab,

Na amsa gaisuwarki. Ban aike ki tuna min abin da na faɗa wa mijina ba, ba tarbiyyar da na ba ki ke nan ba.

Allurar barci kuma ban yarda ba. Haka suka ce min a kan babanki, ɗan barci ne Hajiya, yanzu zai farka. Ina riƙe da takalmansa a bakin ƙofar ɗakin tiyata har aka fito aka ce in yi haƙuri. Jirgin kamun kifinsa an sayar, rigunansa na bayar sadaka. A gidan nan Simsim kaɗai ta rage da ke ɗaga kai in an taɓa ƙofa lokacin da masunta ke dawowa. In tafiya za ta yi, ta tafi a kan kujerarsa.

Allah Ya shirye ki.

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ba zan ce miki yanzu za ta farka ba, ni ma ina bakin ƙofar nan a ranar. Amma zan auna jininta tukuna, kuma hannuna ne zai yi aikin. Ba za ki tsaya a waje ba, kujera zan ajiye miki kusa da ita. Ki taho tare da mu.

Rihab

'Yata,

Bayan sallama. Mun iso gida lafiya. Haƙora huɗun da kika cire ba su hana ta ɓarna ba, jiya ta sace min kifi a kan tebur.

Na sayi asuwaki a ƙofar masallaci. Mai sayarwa ya ce, "Hajiya, wannan ai na yara ne." Na ce masa ina ruwanka. Da asuba na zauna a baranda na gwada, ta yakushe ni. Ki rubuto min yadda babanki yake riƙe mata kai, ni lokacin shayi nake dafawa, ban taɓa tsayawa na duba ba.

Kuma farar rigar aikinki tana son guga.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki