Wasiƙar da Ke Ƙasan Akwatin Baba

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, ya aikin walda, ya Anti da yara? Umma na gaishe ka. Jikin Baba yana nan yadda ka bar shi, ɓarin dama bai motsi, maganar ma sai mun kasa kunne.

Na je wurin malamar da ke ba mu shawara a makaranta. Ta ce tallafin karatu ba a warwatse yake ba, kowane fanni da masu ɗaukar nauyinsa. Ta buɗe mini na aikin jinya har guda huɗu. Na ce mata ni ilimin tsirrai nake so. Ta daɗe tana lalube a kwamfuta kafin ta samo wata gidauniya guda ɗaya tak, su ma mutum uku suke ɗauka a shekara. Me ka gani?

Suna neman takardar haihuwa. Umma ta ce tana cikin akwatin ƙarfen Baba, gobe zan duba.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Ke dai tun kina rarrafe kike cika mana tsakar gida da gwangwanayen shuka, har yau ba ki warke ba? Ki cike na jinya. Ƙofa huɗu ta fi ɗaya. Ni da na nace sai injiniyan gadoji, na cike takarda, na yi jarrabawa, ko kallona ba su yi ba. Shekara goma sha biyu ke nan. Ba na so ki zauna jiran amsar da ba za ta zo ba, na san ɗacinsa.

Ki riƙa juya Baba a kan lokaci saboda bayansa.

Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagawa.

Na buɗe akwatin. A can ƙasa, ƙarƙashin takardun shago, na ga ambulan mai sunanka, an riga an farke bakinta. Yaya, ashe masu karatun injiniyan nan sun amsa maka. Sun ɗauke ka, karatu da masauki duka, har da ranar da za ka je. Ga kwafinta nan na haɗo maka.

Na kai wa Umma tana wanke-wanke. Ta goge hannu ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce, "A shekarar ne hannun babanku ya fara rawa. Ya ce in yaron nan ya tafi, wa zai riƙe shago, wa zai ciyar da ku? Ya ce baɗi zai nuna masa. Baɗi ta zo, kunya ta hana shi." Na ce, "Ke fa, Umma?" Ta ce, "Ni ma na yi shiru, ba zan yi miki ƙarya ba."

Na shiga na nuna wa Baba. Ya gane ta tun daga nesa. Ya yi ta ƙoƙarin juya fuska bango, ya kasa, sai hawaye.

Ka yafe mini in na yi kuskuren faɗa maka.

Auta

Auta,

Salam. Na ga saƙonninki, na ga kiran Umma. Sati uku na kasa ɗaga alƙalami.

Ba ki yi kuskure ba. Abin da ke cina shi ne, a lokacin duk Litinin Baba da kansa yake raka ni gidan waya duba amsa. Ya tsaya a waje, in fito hannu wofi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Haƙuri, wataƙila mako mai zuwa." Wata biyar muna haka, ashe amsar tana cikin akwatinsa. Ni kuwa na ɗauka kaina ne bai kai ba. Da wannan tunanin na yi aure, da shi nake tsawata wa ɗana in ya kawo sakamako.

Na san abincin da kika ci kika girma daga shagon nan ya fito. Na sani. Amma da ya tambaye ni, Auta. Wataƙila da na zauna don raɗin kaina.

Ki manta da maganata ta farko. Ki cike na tsirran. Wannan watan ba zan zo ba.

Yayanki

Yayana,

Ina gaisuwa. Gidauniyar ta ɗauke ni. Na karanta wasiƙar a tsaye a ofishin malama, na kasa murna.

Akwai wurin sa hannun uba ko waliyyi, kuma kwana goma suka bayar. Hannun Baba ka san shi. Abinci ma yanzu cokali biyu ne ya rufe baki. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai ya ɗaga ido, in ya ga ba kai ba ne ya mayar. Likita ya ce mu kira na nesa.

Auta

Auta,

Barka, Allah ya sa albarka. Ki riƙe takardar a jakarki, kada ki ba kowa ajiya.

Zan zo Asabar in sa hannu. Ki ce wa Umma ta ajiye mini kujera a gefen gadon Baba, ɓangaren da yake iya gani. Ban yi alkawarin zan yi magana ba. Amma zan zauna.

Yayanki