Idrisu Ya Ba da Hawashata

Daren Talata, bayan isha'i

Yau a asibitin garin Madani yarinyar nan mai gashin ƙashi ta lanƙwasa gwiwar da aka yi mini aiki har hawaye suka zubo, ni mai jikoki. Ta ce, "Baba, kwayyis, da kyau! In ka dage da motsa ta, za ka yar da sandar nan." Na dawo da murnata.

Ina shiga gida na iske Idrisu. Wai ya ba wani baƙo hawashata, gonata ta ban ruwa, ya noma, a raba amfanin. Ƙanena, wanda na koya wa riƙon fartanya!

Na ce, "Da izinin wa?"

Ya ce, "Yaya, tausayinka muka ji. Ka huta."

Wane tausayi? Ina kwance a ɗakin nan, ba wanda ya leƙo ya tambaye ni. Gwiwata aka yanka, hankalina yana nan.

Dā na so in tsallake motsin gwiwa na dare saboda zafi, amma na yi shi duka ina cije leɓe. Gobe ake sakin ruwa a gonaki. Na ce wa maiɗakina ta nemo mini amalanken jaki. Ko a zaune ne, ni zan shayar da gonata.