An Sallami Hassana, Husaina Tana Cikin Kwalba

Tanti Raƙiya, don Allah ki agaje ni da shawara kafin ranar Alhamis, domin kaina ya ɗaure. Daga barandar asibiti nake rubuto miki a nan Tawa, inda yau kwanana ashirin da shida a kan tabarma ɗaya. Ni mutuniyar Affala ce, ina koyarwa a makarantar firamare, wannan kuma haihuwata ta uku. Ki rufa mini asiri, kada ki sa sunana.

Cikina yana wata bakwai da 'yan kwanaki naƙuda ta taso mini ina tsaye gaban allo. Ungozomar asibitin garinmu ta duba ni ta ce abin ya fi ƙarfinta, aka sa ni a mota zuwa Tawa. Na haifi mata biyu, bakwaini. Hassana kilo ɗaya da giram ɗari shida, Husaina kilo ɗaya da ɗari biyu. Tafin ƙafar Husaina bai kai babban yatsana ba. Ko kukansu ban ji sosai ba aka wuce da su ɗakin jarirai, aka sa kowace a kwalbarta, wato akwatin gilashin nan mai ɗumi. Tun daga ranar aikina ke nan: in wanke hannu har gwiwa, in tatsi nono a kofi, in miƙa, in fito in zauna.

An yi suna a Affala ba mu nan. Uwar mijina ta tsaya kai da fata sai da aka samo raguna biyu masu girma ɗaya. Duk abin da ta aiko biyu ne, hula biyu, safa biyu, har goron da ta aiko wa ma'aikata ƙulli biyu ne. Kin san dai yadda ake yi da tagwaye a wurinmu, abin da ka yi wa ɗaya sai ka yi wa ɗaya, in ba haka ba a ce wanda aka bari zai yi fushi ya koma.

To, Allah ya taimaki Hassana. Ta fito daga kwalba, tana kama nono da kanta, ta kai kilo biyu. Likita ya ce ranar Alhamis za a sallame ta, don zaman lafiyayyen jariri cikin marasa lafiya ba alheri ba ne, ga kuma wasu suna jiran wuri. Husaina kuwa har yanzu ta roba ake ba ta nono ta hanci, kuma ba ta rabu da iskar da ake sa mata ba. Ya ce a ba ta kamar mako uku, ko fiye.

Da na kira gida na faɗi wannan ina murna, ashe wuta na kunna. Washegari Inna, uwar mijin nawa, ta hau mota ta zo da kanta. Ta ce ba a raba tagwaye, ko su zauna tare ko su tafi tare. Tunda an ce ba za a riƙe Hassana ba, sai a fito da Husaina, a kai su ɗaki a hura musu garwashi, a lulluɓe su da auduga kamar yadda aka rayar da bakwaini tun kafin a san kwalba. Ta ƙara da cewa ni ma ga shi ko wankan jego na kirki ban yi ba.

Tanti, ba muguwar mace ba ce, kada ki ɗauke ta haka. Ita ma ta taɓa haihuwar tagwaye maza. Suna wata biyar ɗaya ya yi ciwon ido, aka kai shi wurin kakarsa a Bambeye don a yi masa magani, kafin mako ya zagayo wanda aka bari a gida ya rasu. Wanda ya rayu shi ne maigidana. Tun yana yaro yake jin ana cewa ɗan'uwansa ya tafi ne don an raba su. Mutum ne mai hankali, ko allurar rigakafi bai taɓa hana yaranmu ba, amma a kan wannan maganar sai ya sunkuyar da kai kawai. Jiya ya tambayi ma'aikata takardar da ake sa wa hannu in mutum zai fitar da ɗansa ba da yardar likita ba. Sun ba shi haƙuri, ya ce zai dawo ranar Alhamis.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ni da nake koya wa yara kimiyya, zuciyata ta fara ɗaukar maganar. Ranar da aka fitar da Hassana daga kwalba aka ɗora mini ita a ƙirji, a ranar numfashin Husaina ya tsaya har sai da suka ruga kanta. Ya aka yi ta sani? Kuma ina jin kunyar faɗa, amma ina tsoron Husaina. In na shiga, kofin nono nake ajiyewa in juya. Ba na son in saba da fuskarta a karɓe ta. Sai in ce a raina, ko ta gane na fi riƙon 'yar'uwarta?

Akwai ƙanwar mahaifina, Gwaggo Hafsatu, a nan cikin gari, ita ke kawo mini kunu. Ta ce in yi taurin kai kawai. Faɗa da baki yana da sauƙi, amma ni zan koma gidan in zauna da su. In na ƙi, wani abu ya samu Husaina, har in mutu ana cewa ni na raba su. In na yarda aka cire mata iska, ta rasu a hanyar Affala, wa zan ce ya yi? Ki gaya mini abin yi.

Uwar Biyu, daga Affala

AMSA

Uwar Biyu, barka da arziki, sannu da zaman asibiti. Zan fara da abin da ba ya son kwana-kwana: kada a sa hannu a takardar nan. Jaririyar da ba ta iya tsotso ba, kuma take numfashi da taimako, garwashi da auduga ba za su yi mata aikin kwalba ba. Tsofaffinmu sun rayar da bakwaini da dabararsu, gaskiya ne, amma waɗanda suka rayu kaɗai muke gani suna yawo. Sauran ba a ba da labarinsu.

Tsayawar numfashin da ta firgita ki, ki tambayi likita, zai gaya miki abu ne da bakwaini ke yi saboda jikinsu bai gama ƙwari ba, ko tagwaye ne ko tilo. Dalilin da ya sa ake sa musu ido ke nan. Ba fushi ta yi ba. Ki lura kuma, da abin ya faru a ɗakin Inna ne, babu wanda zai ruga kanta da kayan aiki.

Amma ban yarda da Gwaggo Hafsatu ba a kan taurin kai zalla. Surukarki ba gardama take yi ba, tsohon miki ne aka fama. Shekara talatin da wani abu tana ɗauke da laifin da ba nata ba, mijinki kuma ya tashi yana jin kamar ran ɗan'uwansa ya ci. Mai irin wannan ciwo ba a kayar da shi da hujja, sai dai a ba shi abin riƙewa.

Wa ya ce sallama daga asibiti tana nufin tafiya Affala? Gobe da safe ki nemi likita da babbar ma'aikaciyar ɗakin, ki gaya musu komai, har da labarin tagwayen Inna. Sun sha jin irinsa. Ki tambaya ko Hassana za ta iya zama tare da ke a ɗakin iyaye mata. In babu hali, ki roƙi gwaggonki ɗaki, ku zauna a Tawa har a sallami Husaina. Gari ɗaya, nono ɗaya, uwa ɗaya, ba a raba kowa ba.

Sai ki ba Inna aiki. Hassana tana bukatar a riƙa ɗora ta a ƙirji, fata da fata, a ɗaure da zane, kuma ƙirjin kaka yana da ɗumi kamar na uwa. Ki ce mata ba za ki iya biyu ke kaɗai ba, in kin shiga wurin ƙaramar ita za ta riƙe babbar. Ai gaskiya ce. Ki roƙi ma'aikata su bar ta ta wanke hannu ta shiga ta ga Husaina da idonta, ko sau ɗaya. Abin da al'adar nan take nema shi ne kada a fifita ɗaya, kuma adalci a yau shi ne kowace ta samu abin da ke riƙe da ranta.

Maigidanki kuwa, kada ki yi masa maganar a gaban mahaifiyarsa, ba zai iya ɗaga kai ba. Ku shiga wurin likita ku biyu kafin Alhamis, ya ji da kunnensa abin da zai faru in an cire iskar. Ina kyautata zaton neman wanda zai hana shi yake yi. Wankan jego kuma, tukunya da itace ba su ƙare a Tawa ba.

Saura ke. Tsoron da kike ji ba rashin so ba ne, son ne ya yi yawa har ya hana ki kallo. Amma kau da kai ba zai rage miki zafi ba in ƙaddara ta zo, kuma yana hana yarinyar abin da take da hakki a kansa yanzu. Ki tambaya yaushe za a bar ki ki taɓa ta, ki sa hannu, ki yi mata magana.

Rai na Allah ne, ban yi miki alkawarin komai ba. Mutane kuma za su yi magana ko me kika zaɓa. Maganarsu kina iya ɗauka ki rayu da ita, Husaina kuwa ba za ta iya ɗaukar hanyar Affala ba. Ki bar ta inda take.

Allah ya raya miki su, ya sanyaya zuciyar Inna, ya mai da ku gida ku duka lafiya.

Tanti Raƙiya