Tazara Tsakanin Tauraro Da Ɗigo

Zuwa ga ƙanena, Injiniyan gida,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da yatsun nan naka masu sauri. Mu ma lafiya lau, in an cire aika-aikar da ka bar mana.

Ranar da ka zo ka tarar ina jan linzamin kwamfuta, dariya ka yi, wai aikin 'yan koyo. Ka buɗe baƙin allo, ka buga ls, sunayen fayiloli suka zubo, ka ce shara ta yi yawa bari ka rage. Ka ƙwanƙwasa, ka sha ruwa, ka kama gabanka. Washegari Inna ta ce in kunna mata muryar marigayi Baba kamar kullum, labaran nan arba'in da ɗaya da na ɗauka da waya yana kwance a asibiti. Na buɗe foldar, wayam.

Na kai wa mai gyara na bakin kasuwa kwamfutar. Ya fito da jerin abin da ka buga, ya ɗora farce a kan layi ɗaya. Niyyarka umarnin gogewa rm *.tmp, sai ka buga rm * .tmp. Ka bar tazara tsakanin tauraro da ɗigo. Ya ce tauraro in ya tsaya shi kaɗai yana nufin komai, kuma abin da aka goge ta baƙin allo ba ya biyawa ta kwandon shara. Har ƙorafi kwamfutar ta yi maka, amma sarkin sauri ina ya ga lokacin karatu? Mutumin ya yi iya yinsa, ko tarin Baba bai ceto ba.

Na ce wa Inna sifika ce ta lalace. Uwata na yi wa ƙarya saboda kai. Ina jiran amsa.

Yayarka.

*

Ƙanena,

Ina gaisuwa, da fatan ciwon kan da ya hana ka kira ya sauka. Takardarka ta iso. Shafi biyu cur, babu ban haƙuri ko na ɗanɗano, sai tambayar ina na asali da ke katin memori na waya. Wai mai hankali ba ya ajiya wuri ɗaya.

To, tunda ka tono. Bara ka rubuta mini cp da mv a bayan ambulan. Na tambayi bambancinsu, ka ce ko ɗan firamare ya sani, a gaban matarka. Na haɗiye tambayata. Da na zo kwaso muryoyin daga kati na zaɓi mv, ina ganin duk kanwar ja ce. Ashe cp kwafa take ta bar na asali, mv kuwa ɗaukewa take ɗungurungum. Tuni na cika katin da hotunan yara. Ka yi murna, ka samu abokiyar laifi. Amma ni tambaya na yi aka gwale ni, kai kuwa ba ka taɓa tambayar kowa komai ba.

Riƙe sabuwar sifikar da ka ce za ka aiko. Jiya Inna ta aro ta maƙwabta, ta miƙo mini, ta gyara zama a bakin gado. Dole na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in ɗauko takarda, ta faɗi abin da ta tuna in rubuta. Mun yi uku. A na huɗu ta ce labarin tana da shi, yadda yake faɗinsa ne ya fara ɓace mata.

Ta ce a gaishe ka. Na isar da saƙonta.

Yayarka.