Tsawona Ya Hana Ni Zuwa Kebbe

Daren Laraba, watan Rajab, Tambuwal.

Yau ma ban tafi Kebbe ba, ga Inna can kwance ba lafiya. Gwiwata ta kumbura, tafiyar ƙasa ta gagare ni. Na hau jakin maƙwabci, ƙafafuna na jan ƙasa, har mata suka bar daka suna dariya. Na ari goɗiya, sirdinta ya matse ni kamar na yara. Baduku ya ƙara wa likkafar sirdin igiya don ƙafafuna su sake, a banza. Ya ce, "Malam, sai an sassaƙa maka naka sirdi, kwana goma."

Kwana goma! Wa ya ce Inna za ta kai?

Ita ce mai cika baki da tsawona a gidan biki. Yau tsawon nan ne ya raba ni da ita.