Tasbihin Inna Ya Shiga Ruwan Sandamu

Baban Raihana,

Na tafi Baure suna, motar ƙarfe bakwai. Na ga ka koma barci, shi ya sa ban tashe ka ba. Kokonka na cikin flas, ƙosai na rufe a kwano.

Na'urar nan taku mai ajiye lissafin ruwan sama, kada ka kai ta ofis sai ka duba ta. A kunne ka bar ta kan tabarma da za ka masallaci. Inna kuwa tun jiya carbinta ya tsinke. Da ta ga madannai da lambobi, sai ta ce ashe carbin zamani ka sayo mata ba ka faɗa ba. Ta zauna tana danna kibiyar sama, kowane tasbihi dannawa ɗaya. Da ta cika ɗari ta danna koren nan na adanawa, ta shafa addu'a.

Ruwan garin Sandamu na jiya da ka nuna min milimita bakwai, yanzu ɗari da bakwai ne. In oganka ya gani, kwale-kwale zai aika musu.

Na so in gyara, na danna wani wuri, kwanan wata ya koma shekarar 2061. Wannan kam laifina ne, ka yi haƙuri.

Ka danna kibiyar ƙasa sau ɗari, amma a ɗaki, ka turo ƙofa. Inna ta ce duk wanda ya rage mata ladanta ko ɗaya, ta bar shi da Allah.

Safiyatu