Fili Na Ashirin da Bakwai

Sudbury, 10 ga Fabrairu

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kana lafiya. Yaya sanyi, yaya kuma ƙugun naka? Surukinka Wade yana gaishe ka. Sau uku na kira ka ranar Lahadi. Na san kana zaune kusa da wayar, na'urar ƙara jin da kake sawa a kunne ce ka sake jefawa cikin durowa. To ga takarda, ita dai ba za ka ce ba ka ji ba.

Albishirinka! Na samo mana filin kafa tanti na ashirin da bakwai a bakin tafkinmu, inda kai da Mama, Allah ya jiƙanta, kuke kafa mana tanti duk bazara. Yanzu ba kamar zamaninku ba ne da mutum zai loda mota ya isa ya ce ga ni. Sai an kama wuri wata biyar cif kafin ranar. Ƙarfe bakwai na safe ake buɗe rajistar a intanet, kafin bakwai da minti biyu an wawashe duk na bakin ruwa. Jiya ni ina kan kwamfuta, Wade yana kan wayarsa, har maƙwabciyarmu Doreen sai da na taso ta da rigar barcinta ta zauna da tata wayar. Ita ce ma ta cafke shi. Ihun da na yi sai da karenmu ya shige ƙarƙashin tebur.

Daga tara ga Yuli ne, kwana biyar. Da Wade bakin teku ya so mu je, na ce ya fara duba kuɗin jirgi. Ya duba, har yau bai sake tayar da zancen ba. Nan kuwa man mota ne kawai da kuɗin fili, abinci daga gida za mu ƙullo. Na saya maka gado mai naɗewa a gwanjo, tunda yanzu ne kayan bazara suke araha.

Na san abin da kake rayawa: Colette za ta kai ni daji ta tsare ni da maganar komawa gidanta. Ba zan ɓoye maka ba, maganar tana raina. Tun ranar da ka faɗi kana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida, ka yi kusan awa guda a kwance kafin mai raba wasiƙu ya gan ka, hankalina bai sake kwanciya ba. Shekara tamanin da ɗaya, kai kaɗai a Kapuskasing, tafiyar awa shida tsakaninmu! Ina so hunturu mai zuwa ya same ka a nan. Amma na yi alkawari, a bakin tafki ba zan ce uffan ba, kifi kawai za mu kama.

Ka sa na'urar nan, don Allah.

Ƴarka,
Colette


Sudbury, 16 ga Yuli

Babana,

Ina gaisuwa, da fatan ka huta gajiyar hanya, ƙafafun kuma sun saki.

Baba, ka yafe mini. A mota na so in faɗa, bakina ya yi nauyi. Wata biyar ina cika baki da fili na ashirin da bakwai, ko sau ɗaya ban tuna da matakalar katakon nan da ake sauka kafin a kai gare shi ba. Talatin da ɗaya ce. Ni da nake ƙirga ta da gudu ina yarinya, ni ce na manta! Abin da nake gani a raina kawai Mama tana soya kifi, kai kana faɗa da igiyar tanti.

Ina bayanka lokacin da ka sauka matakala tara, ka tsaya, ka zauna, ka ɗora sandarka a cinya kana kallon ruwa. Da Wade ya ce zai goya ka, ka tambaye shi ko buhun dankali ya ɗauke ka. Mun yi dariya, amma ni daga nan bayan mota na zagaya na yi kukana.

Ma'auratan da muka roƙa muka yi musayar fili da su har yanzu ina jin haushin murnarsu. Sun samu bakin ruwa a ɓagas, mu muka koma fili na goma sha biyu, kusa da banɗaki, inda sai mutum ya leƙa tsakanin itatuwa zai hango tafkin. Kwana biyar kana zaune a kujera, ba ka yi ƙorafi ba, ba ka kuma taɓa ƙugiyarka ta kamun kifi ba. Shirun nan naka ya fi faɗa ciwo.

Abin da ke cin raina shi ne kada ka ɗauka da gangan na yi, don in nuna maka ka tsufa. Na rantse ba haka ba ne. Wauta ce kawai irin tawa.

Ranar ƙarshe da muna cin abinci ka tambaye ni ɗakin nan namu na kusa da kicin matakala nawa ake hawa. Na ce babu ko ɗaya. Ka ce to, ka ce in miƙo maka gishiri. Ka ga dai na cika alkawari, ban ƙara ko kalma ba, ko da yake saura kaɗan in fashe.

Ka rubuto mini, ko zagi ne.

Taka,
Colette


Sudbury, 8 ga Satumba

Baba,

Barka da shigowar kaka. Ina fatan kana lafiya, kana kuma rufe tagogi da yamma.

An koma makaranta, na koma aikina a kicin ɗin makarantar, yara ɗari uku da ba sa son ganye. Mako bakwai ina leƙa akwatin wasiƙu ba komai, har na haƙura na ce fushi kake. Sai ga kwali jiya, tun daga ƙofa Wade ya ce wannan warin na Baba ne.

Tafarnuwa! Da ƴar takarda mai layi biyu: kada in shuka, wai ni a kife nake shukawa, za ka zo tsakiyar Oktoba ka yi da kanka. Sau ɗaya fa na yi wannan kuskuren, ina shekara goma sha ɗaya, amma ka ƙi mantawa.

Na zazzage kwalin a kan tebur na daɗe ina kallo. Na san yawan irin da kake warewa duk shekara. Wannan duka ne, Baba, ba ka bar wa lambunka ko ƙwaya ɗaya ba. Ba zan tambaye ka kwana nawa za ka yi ba, don na san halinka. Wade kuwa sai gani na yi ya sayo fenti ya shige ɗakin kusa da kicin.

Za mu zo da motar ɗaukar kaya, ko da akwai abin da za a ɗauko.

Ƴarka mai shuka a kife,
Colette


20 ga Oktoba

Baba, ina kwana? Da fatan ka tashi lafiya, bayan kuma bai riƙe ba bayan aikin lambun jiya.

Na fita tun shida da rabi, haka zan riƙa fita kullum ban da Asabar da Lahadi. Kofi yana cikin butar, maganinka yana kusa da kofin Mama da ka zo da shi. Kare ya ci, kada ya yaudare ka. Ranar Asabar Wade zai sa wa mota tayoyin hunturu masu riƙe ƙanƙara, ya ce ka zo ka tsaya a kansa ka gaya masa duk abin da yake yi ba daidai ba. Shebur ɗin kwashe ƙanƙara kuwa kada ka wahalar da kanka wajen nemansa, na kai shi gidan Doreen.

Jiya na ji kana gaya wa Wade wai fili na goma sha biyu ma ba laifi, banɗaki kusa. To na rubuta a kalanda, tara ga Fabrairu, ƙarfe bakwai. Wannan karon kai za ka zauna kusa da ni.

Yau ce rana ta farko da na rubuta maka wasiƙa ban nemi kan sarki ba, a ƙarƙashin kwalbar sukari zan ajiye ta. Amsa ma ba sai ka rubuta ba, ƙarfe uku zan dawo.

Taka har kullum,
Colette